Darasi na Tara: Canji, Sauyi, Juyi da 'Yan'uwansu

Cikin wata tara kacal, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kawo wa 'yan Najeriya canji biyu waɗanda babu gidan da ba su shiga ba. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, masu mota da babur da keke suka bar hannun hagu suka koma bin hannun dama, yadda ake tuƙi a Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, ƙasar da yau ake kira Benin. Ranar 1 ga Janairu, 1973 kuma aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira. Na farkon shi ne canjin hannu, na biyun canjin kuɗi.

Kalmar ɗaya ce, amma abin da ya faru ba ɗaya ba ne. A canjin hannu ba a karɓe wa kowa mota ba, ba a kuma shimfiɗa sabuwar hanya ba. Gefen da ake bi kawai aka sake. A canjin kuɗi kuwa mutum ya miƙa wani abu ne aka ba shi wani a madadinsa, kuma sai da lissafi: fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya. Wanda ke koyon karatu da rubutu da girmansa yana buƙatar kunnensa ya saba da wannan bambanci, domin zai tarar da shi a takardar banki da labaran rediyo da yarjejeniyar ciniki da saƙon waya. Hausa na da kalmomi da dama na wannan aiki: canza, sauya, sake, musanya, mayar, juya, rikiɗa. Kowacce da inda ta fi zama daram, kuma abin takaici ne yadda canza ke neman cinye sauran a bakin matasa.

Canza da canji

Canza kalmar aro ce daga Turanci, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Shaidar haka ita ce tana lanƙwasuwa duk yadda kalmomin aikatau na Hausa ke lanƙwasuwa. Ana cewa "na canza riga", "je ka canzo mana dubu ɗaya a shagon can", "an canza wa jaririya suna", "wannan hali nasa ba ya canzuwa". Wasu na furta ta canja, wasu canza, kuma duka biyun ana ganinsu a jarida da littafi. Mai rubutu ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta daga farkon takardarsa har ƙarshe. Sunan da ke fitowa daga cikinta shi ne canji, jam'insa canje-canje.

A kasuwa ne canji ya fi yawan aiki. Dattijuwa ta sayi tumatir da attaruhu na ɗari bakwai ta miƙa dubu, mai kayan miya ya ce, "Hajiya, ga canjinki, ɗari uku." Nan canji ragowar kuɗi ne, haƙƙin mai saye. Ɗan sahu a Kano kuwa, kafin fasinja ya hau, yakan tambaya, "Baba, akwai canji a hannunka? Fitowata ke nan." Shi ba ragowa yake nufi ba, ƙananan kuɗi yake tambaya, 'yan hamsin da ɗari-ɗari. Sai kuma canjin da ake yi a Wapa, cikin Fagge, inda ake kai riyal da dala da sefa a karɓi naira, ko a kai naira a karɓi kuɗin waje; masu wannan sana'a su ne 'yan canji. A nan sabon mai karatu zai iya tuntuɓe. Lebura ya ce "na samu 'yan canji a aikin gini", yana nufin ɗan abin kashewa ya shigo aljihunsa. Ɗan jarida ya rubuta "'yan canji sun rufe kasuwa", mutane yake nufi. Rubutun ɗaya ne sak, kalmomin da ke kewaye da shi ne ke raba gardama.

Rashin canji kuwa tsohon ciwo ne a ƙananan cinikayya. Kuɗin ƙarfe sun daina yawo a hannun jama'a, takardun naira biyar da naira goma ma sun yi wuyar gani, saboda haka mai shago yakan cike gurbin da alewa ko ashana ko dunƙulen magi. In mai saye ya yarda, babu laifi. In kuwa tilasta masa aka yi, an sayar masa da abin da bai zo saye ba ne, kuma talakan da ke awo kullum da kwano-kwano shi ya fi kowa jin wannan a jikinsa.

Bayan kasuwa, kalmar ta shiga filin ƙwallo, inda ake cewa koci ya yi canji. Tun 2020 ma aka fara bai wa ƙungiya damar canza 'yan wasa biyar a maimakon uku. Ta shiga gareji, inda bakanike ke canza taya da fulogi. Ta shiga hukuncin da mutane ke yi wa junansu: in aka ce "wane ya canza tun da ya samu muƙami", ba yabo ba ne. "Ya canza fuska" na nufin ransa ya ɓaci, "ya canza magana" kuma na nufin ya tashi daga kan abin da ya faɗa da farko.

Lissafin da ke bayan canjin kuɗi

Kafin 1973, fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. Sisi kwabo shida, taro kwabo uku, ahu kwabo ɗaya da rabi, anini goma kuma su ke yin kwabo. Fam guda ke nan kwabo 240. Da naira ta zo, aka mayar da lissafin goma-goma: naira kwabo ɗari, sule kwabo goma, sisi kwabo biyar. Abin lura shi ne sunan kwabo bai canza ba, darajarsa ce ta canza. Jiya sai an tara goma sha biyu a samu sule, yau goma sun isa. Mai sayar da ƙosai da ba ta gane wannan ba, za ta iya yin asara tana ganin ciniki take yi.

Baki kuma ya fi takarda riƙe tsohon suna. Shekaru da yawa bayan tafiyar fam, dattawa na kiran naira goma fam biyar, naira ɗari biyu kuma jaka guda, domin jaka a da fam ɗari ce. Takardar naira ashirin da ta fito a 1977 ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammad, Murtala kawai ake ce mata.

Da an tsallaka iyaka daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, waɗannan sunaye sai su ɗauki wani nauyi daban. A bakin Hausawan Nijar dala ɗaya sefa biyar ce. Dala ashirin sefa ɗari ke nan, dala ɗari sefa ɗari biyar, jika guda kuma sefa dubu. Saboda haka in mai albasa ya ce wa baƙo, "Alhaji, dala ɗari ne kashin," ba kuɗin Amurka yake nema ba. A Wapa kuwa dala ta Amurka ce. A Kano ta zamanin Turawa, sule biyu ake kira dala. Kafin duk waɗannan akwai dalar azurfa da fatake ke yawo da ita, wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza ta a kan wuri 2,500. Ɗan kasuwar da ya ji an ambaci dala ko jaka, kafin ya ce ya saya ko ya sallama, sai ya tambaya ta wace ƙasa ce.

Akwai abubuwa uku da jama'a kan haɗa su duka su kira canjin kuɗi, alhali kowanne da sunansa. A Janairun 1994 aka wayi gari a Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashen sefa, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Ba a karɓi takardar kowa ba, ba a sake mata launi ba, amma kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Wannan karya darajar kuɗi ne. Tun 1999 sefa na ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. A Yulin 2007 kuwa Ghana ta yi akasin haka: tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Takarda ta canza, lamba ta canza, amma abin da kuɗin ke saye bai motsa ba. Sifili huɗu kawai aka goge. Na uku shi ne irin na Najeriya a Afrilun 1984, lokacin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, da aka sake wa takardun naira launi, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane kwanaki ƙalilan su kai tsofaffi banki. Naira goma dai naira goma ce, rigarta ce kawai sabuwa.

Irin wannan aka maimaita ranar 26 ga Oktoba, 2022, da gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwa a kan takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafofin labarai na Hausa sun kira abin sauya fasalin naira, kuma sun dace, domin fasali ne ya sauya. An sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun 31 ga Janairu, 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, amma sabbin takardun ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni an ga abin da ya kamata kowane ɗalibi ya san hukuncinsa: ana biyan naira don a samu naira, mutum ya tura dubu goma ta waya a ba shi abin da bai kai haka ba a hannu. Littattafan fikihu irin su Risala sun shimfiɗa sharuɗɗan canjin zinariya da azurfa a babin ciniki: a yi shi hannu da hannu, in kuma jinsi ɗaya ne, a yi daidai wa daida. Malamai da yawa na wannan zamani sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci. Naira da sefa jinsi biyu ne, ana iya daidaita farashi; naira da naira kuwa jinsi ɗaya ne.

Sauya da sake

Sauya Bahaushiyar kalma ce, kuma a mafi yawan wurare za ta iya zama inda canza ta zauna. Bambancinsu na muhalli ne. Ba a cika jin mai shago ya ce "ga sauyinka" ba, haka kuma mai karanta labarai ya fi cewa sauyin yanayi in yana maganar ƙarancin ruwan sama da kwararowar hamada da janyewar Tafkin Chadi. Ma'aikaci kan samu sauyin wurin aiki. Ɗan siyasar da ya bar jam'iyyarsa ya shiga wata an ce ya sauya sheƙa, wato kamar tsuntsun da ya tashi daga gidan da ya saƙa. In hukuma ta bar manufar da take kai ta kama wata, an ce ta sauya alƙibla, maganar da ke tuna wa Musulmi shekara ta biyu bayan Hijira, lokacin da aka bar fuskantar Baitul Muƙaddas a salla aka fuskanci Ka'aba. Wanda zai rubuta wa ofis takarda, sauya ta fi yi masa kyau a alƙalami.

A zaɓen Najeriya na 2015 "canji" aka riƙa ɗagawa a filayen kamfe, kuma ranar 29 ga Mayu ta shekarar Goodluck Jonathan ya miƙa wa Muhammadu Buhari mulki. Wannan sauyin gwamnati ne, kamar wanda aka yi a Yamai ranar 2 ga Afrilu, 2021, da Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum. Abin da ya faru a Najeriya ranar 15 ga Janairu, 1966, da wanda ya kawo Seyni Kountché a Nijar ranar 15 ga Afrilu, 1974, da na 26 ga Yuli, 2023 a Nijar ɗin, ba wanda ke kiransu sauyi. Juyin mulki ne, domin ba miƙawa aka yi ba, kifarwa aka yi.

Sake kuwa ita ce ta fi buƙatar hattara a rubutu, domin boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Akwai sake mai jan "sa", wadda ke nufin canzawa, kamar uwa ta ce wa ɗanta, "Je ka sake riga kafin ka tafi masallaci." Ita ce kuma ke nufin maimaitawa in wani aikatau ya biyo ta: "ya sake zuwa", "kada ka sake faɗa". Akwai sake mai gajeren wasali, ta igiyar da ta yi sako-sako, ko baƙon da ya saki jiki a gidan mutane. Sannan ga saki, wanda shi ma yakan koma sake in wakilin suna ya biyo baya. A kunne ba sa ruɗa kowa. A takarda kuwa "ya sake ta" na iya zama tela ya sake ɗinkin riga, ko ɗan sanda ya sallami wadda ya kama, ko miji ya rabu da matarsa. Saƙon waya mai kalma uku irin wannan ya isa ya tayar da hankalin dangi. Maganinsa mai sauƙi ne: a ambaci abin da ake magana a kai, a rubuta "ya sake ɗinkin rigar" ko "ya saki matarsa", kada a bar mai karatu yana laluben ma'ana.

Musanya

Musanya sai da ɓangare biyu, kowa ya bayar kowa ya karɓa. Shi ya sa ake cewa musayar fursunoni tsakanin ƙasashen da ke yaƙi, da musayar wuta, da musayar ra'ayi, da musayar yawu in gardama ta yi zafi. Kafin kuɗi su game ko'ina, Bafulatana kan kawo nono ta karɓi hatsi, cinikin da ake kira furfure, kuma har yau in ana son a ce kowa ya amfana da ɗan'uwansa sai a ce ba ni gishiri in ba ka manda. Musanya takan zo da kuskure ko da ha'inci, kamar wanda ya fito daga sallar Juma'a ya tarar an musanya masa takalmi. Takan zo kuma a addu'ar jaje: wanda gobara ta cinye wa shago, maƙwabta na ce masa, "Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri."

Harafi ɗaya ne tsakanin musanya da musanta, kuma masu koyon rubutu na yawan haɗa su. Musanta ƙaryatawa ce. "Ya musanta zargin" na nufin ya ce bai aikata ba. "Ya musanya buhun" na nufin ya ɗauke wani ya ajiye wani. A takardar da za ta je gaban alƙali ko mai unguwa, wannan harafi ba ƙaramin abu ba ne.

In abin da kansa ne ya zama wani abu

Duk kalmomin da suka gabata, galibi ana ɗauke wani abu ne a sa wani a gurbinsa. Mayar ta sha bamban: abin yana nan, siffarsa ko aikinsa ne ya zama wani. Mata na mayar da gyaɗa mai da ƙuli-ƙuli. Magidanci na mayar da zaurensa shago. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu direbobi a Najeriya ke kai motocinsu a mayar da su masu amfani da gas. In direba ya ce ya canza mota, kowa zai ɗauka ya sayar da tsohuwar ya sayi wata. In ya ce ya mayar da ita ta gas, motar jiya ce dai, da lambarta da takardunta. Ana rubuta kalmar mayar da, ko mai da, kuma tana da ma'ana ta biyu, wato komar da abu inda ya fito: a mayar da aro, a mayar da martani. A Mayun 2024 Najeriya ta bar taken ƙasar da take rerawa tun 1978, amma ba sabo aka tsara ba, na 1960 aka maido. Wanda ya ce an canza take bai yi ƙarya ba, sai dai wanda ya ce an maido da tsohon ya fi shi ba da labari.

Mayar ce kuma kalmar lissafin awo, kuma nan ne ilmin ke shiga aljihu. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, saboda haka mil biyar kusan kilomita takwas ne. Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗan kai, shi ya sa turmin atamfa mai yadi shida yake kusan mita biyar da rabi. Wanda ya fi muhimmanci ga manomi shi ne eka da hekta. Hekta fili ne mai mita ɗari a tsaye, mita ɗari a kwance, wato murabba'in mita 10,000. Eka kuwa kusan murabba'in mita 4,047 ce. Hekta ɗaya ke nan ta kusa eka biyu da rabi. Malaman gona kan faɗi adadin taki da iri a kan hekta. Manomin da ya zuba wa eka ɗaya abin da aka ƙayyade wa hekta ya ninka abin da ake so fiye da sau biyu. Wanda kuma ya sayi gona aka rubuta masa eka huɗu, yana zaton hekta huɗu ce, bai samu ko rabin abin da ya ƙudurta ba. Gonar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, ma'aunin ne ya bambanta.

Haka ake mayar da shekarar Hijira ta Miladiyya. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kusan kwana goma sha ɗaya, abin da ke tara shekara guda cikin kowace 33. Sai a raba shekarar Hijira da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1218. In aka raba da 33 za a samu kusan 37. A cire, saura 1181. A ƙara 622, ya ba da 1803. Shekarar 1218 ta faro ne cikin 1803 ta ƙare cikin 1804, hijirar kuma ta faɗo a Fabrairun 1804. Lissafin kusantarwa yake yi, yakan bar tazarar shekara guda.

Juya ta fi sauran motsi. Mai waina na juya ta a tanda, ɗan kasuwa na juya jari har ya haifar da riba, direba na kai mota juyen mai, inda ake tsiyaye baƙin mai a zuba sabo. Wanda ya juya wa danginsa baya ya yashe su. Wanda ya juya magana ya karkatar da ita daga yadda aka faɗe ta, kuma wannan ya fi canza magana muni, domin mai canza magana tasa ya taɓa, mai juya magana kuwa sau da yawa ta wani ya murɗe. In mai farauta ya koma abin farauta, sai a ce reshe ya juye da mujiya. In al'umma ta tashi ta kifar da tsarin da take kai gaba ɗaya, kamar Iran a 1979, wannan juyin juya hali ne. Rikiɗa kuwa ta hawainiya ce da dodannin tatsuniya, abu ya zama wani har a kasa gane shi. A labarai takan zo da abin da ya ƙwace daga hannu: zanga-zangar lumana ta rikiɗe ta zama tarzoma.

Wuri guda da Bahaushe ba ya cika amfani da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi shi ne shiga addini. Wanda ya shiga Musulunci an ce ya musulunta, ko ya karɓi kalmar shahada. Kiristoci Hausawa kan ce mutum ya karɓi Almasihu. Tuba kalma ce ta ɓangarorin biyu, ridda kuma hukunci ce ta shari'ar Musulunci, mai nauyi, ba ta jifa a hira ba. Ɗan jaridar da ke ba da labari ga jama'a masu addini daban-daban yakan ce mutum ya sauya addini, domin wannan ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta yanke wa kowa hukunci ba.

Aikin aji

Malami zai raba ɗalibai biyu-biyu, ɗaya mai shago ɗaya mai saye, su yi cinikin da kalmar canji za ta fito da ma'ana biyu daban, sauran aji su faɗi wacce ake nufi a kowane karo. Daga nan kowa ya rubuta "ya sake ta" sau uku a littafinsa, ya faɗaɗa kowacce ta yadda mai karatu ba zai yi shakkar abin da ya faru ba, ya kuma kawo jimla ɗaya da musanya, ɗaya da musanta.

Na gida lissafi ne. Ɗalibi ya mayar da fam bakwai da sule goma naira. Ya faɗi sefa nawa ne jika uku da dala hamsin a kasuwar Maraɗi. Ya gano eka nawa ke cikin gona mai hekta huɗu, ya kuma mayar da shekarar 1447 ta Hijira zuwa Miladiyya. Wanda ke da rediyo ya saurari labaran yamma, ya rubuto jimla biyu da aka yi amfani da sauya ko juya ko mayar a cikinsu, ya zo da su darasi na gaba a duba ko canza za ta iya zama a gurbinsu.